Abin Da Na Gani A Tagar Agogon Lefe

A wannan mako zan ba ku labarin wani abu ne ƙanƙane, wanda girmansa bai fi ƙwayar gero biyu a jere ba, amma ya hana ni barci kwana uku, har ya kusa sa ni in ɓata auren 'yar ƙanena. Watau lambar kwanan wata, wadda ke leƙowa ta 'yar tagar nan da ke fuskar agogo.

Kafin in shiga labarin sai in gaya muku ko ni 'yar wane ce, don kada wata ta ce ina ruwan mace da cikin agogo. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, mai gyaran agogo ne. Yana da ɗan tebur mai gilashi a bakin kasuwa, ya yi shekara talatin da wani abu yana zaune a bayansa. In an tashe mu daga makaranta ni ke kai masa abincin rana, in zauna bisa benci ina jiran kwanuka. In ya ga ba mutane, sai ya maƙala mini ɗan madubin nan nasa a ido, ya miƙo mini agogo ya ce, "Duba ki gaya mini abin da kika gani." Yawancin agogunan da ake kawo masa na ƙananan ma'aikata ne, da irin Seiko 5 ɗin nan da alhazai kan yo tsaraba da su daga Makka, masu nuna ranar mako da Larabci. Jifa-jifa wani attajiri kan aiko da mai tsada. Ran nan kuwa sai Baba ya wanke hannu kafin ya taɓa shi. Da ya rasu aka zo rabon kayansa, ni madubin na roƙa, aka ba ni, yana nan cikin adakata har yau.

To, a watan Yuni na 2025 aka kawo lefen yarinyar. Uwarta ta shige ɗaki bisa ga al'ada, mu gwaggwanni da innoni muka zauna karɓa. Yaron ƙaramin ma'aikaci ne, kowa ya san iyakar albashinsa, kuma lalle ya yi ƙoƙari. Atamfofi, leshi, shadda, mayafai, takalma da jakunkuna, ba abin da za a kushe. Ana cikin ƙirga sai wata gwaggon ango, irin matan nan da Allah ya hore wa baki, ta ɗago wani ɗan koren akwati ta buɗe shi a hankali, ta ce, "Ku duba da kyau, wannan Rolex ne gangariya. Kuɗinsa sai ya sayi mota." Aka rangaɗa guɗa. Agogo ya shiga zagawa daga hannu zuwa hannu, wannan ta auna nauyinsa a tafin hannu, waccan ta shafa ruwan zinariyar, wata ta nuna wa ta kusa da ita ɗan kambin nan mai yatsu biyar.

Da ya iso gare ni, idona bai tsaya ko'ina ba sai inda Baba ya koya mini. Agogon a tsaye yake, kwanan watansa yana kan 22. Biyun farko ta jingina da ta biyu, dukansu sun matsa gefen dama kamar masu gudun rana, sa'an nan ƙullutun gilashin da ke bisa tagar bai cika ta da lambar ba, sai fili fari gaba da baya. Gabana ya faɗi. Na ce, "Ma sha Allah, Allah ya sa albarka," na miƙa wa ta gaba.

Bari in ɗan tsaya nan in bayyana muku asalin wannan taga, don ku gane abin da ya faɗar mini da gaba. Kamfanin Rolex wani Bajamushe ne mai suna Hans Wilsdorf ya kafa shi a Landan cikin 1905, daga baya ya ƙaura da shi birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. A 1945, shekarar da kamfanin ya cika arba'in, suka fito da agogon da suka kira Datejust, mai nuna kwanan wata ta wata 'yar taga daidai wurin ƙarfe uku. Lambar ta yi ƙanƙanta ga mai raunin ido, saboda haka a 1953 suka ɗora wani ƙullutun gilashi a kanta, wanda ke ƙara girman lambar sau biyu da rabi. Suka sa masa suna Cyclops, sunan wani dodo mai ido ɗaya a tatsuniyoyin Girkawa. Masu agogo suna ba da labari wai matar mai kamfanin ce ta yi kukan ba ta iya karanta kwanan wata, shi ya sa aka yi shi. In haka ne, to, ku ga amfanin mace ta faɗi abin da ke damunta. Ƙaramin na mata kuwa, irin wanda aka kwaikwaya aka sa a lefen 'yarmu, a 1957 aka fara yinsa.

Kun san lefe yakan kwana biyu a gidan amarya, 'yan'uwa da maƙwabta suna zuwa kallo. Daren nan da sawu ya ɗauke, na ɗauko madubin Baba, na ce wa uwar yarinya ta ba ni agogon in ƙara gani. Na kwance ɗan kan nan da ake murzawa a yi wa agogo wani, na ja shi waje, na shiga juya kwanan wata ɗaya bayan ɗaya. Baba yakan ce, "Kada ki yanke wa agogo hukunci da lamba ɗaya, ki zaga da su duka, daga ɗaya har talatin da ɗaya." Na zaga. Daga 3 zuwa wajen 10 lambobin sun karkata hagu. Wajen 14 da 15 suka zauna tsakiya, har na fara cewa ko idona ne ya tsufa. Daga 18 zuwa 26 suka koma dama. Ramin 8 na sama ya kusa toshewa da tawada, 4 kuwa cikinta ya cike sarai. Gefen kowace lamba, a madubi, ya yi gashi-gashi kamar zanen lallen da kwaɓinsa ya yi ruwa.

Yanzu wata za ta ce, mutanen da suka iya kwaikwayon sarƙa da kambi da akwati, har da takardar shaida, yaya 'yan lambobi talatin da ɗaya za su gagare su? Tambaya ce mai kyau, ni ma ita na ɗauka washegari na kai wa wani dattijo wanda dā yaron Baba ne, yanzu shi ma gemunsa ya yi fari, yana da nasa shagon. Na ari agogon da cewa zan kai a rage wa sarƙar tsawo. Allah ya yafe mini wannan.

Malam ya buɗe shi a gabana, ya cire hannuwan, ya ɗaga fuskar. A ƙarƙashinta akwai wani siririn faifai mai kama da zobe, lambobin suna jere a kansa, cikinsa kuma da haƙora talatin da ɗaya. Kowane tsakar dare injin yakan tura haƙori ɗaya, wani ɗan ƙarfe mai tsalle ya riƙe faifan daram, lamba ta tsaya a bakin taga. Ku 'yan makaranta, ga aiki na ba ku. Ku zana da'ira a takarda, ku jera 1 zuwa 31 a kewayenta, kowace lamba tazararta daidai da ta 'yar'uwarta. Da'ira digiri 360 ce, in kun raba da 31 za ku sami 11 da 'yan kai, ba ta rabuwa cif. Sa'an nan ku tuna, tara daga cikin lambobin guda-guda ne, ashirin da biyu kuwa tagwaye, kuma 11 siririya ce, 28 mai ƙiba, amma dukansu tilas su zauna a tsakiyar taga ɗaya. In kun gama, ku tuna ainihin faifan bai kai faɗin bakin kofin shayi ba.

Malam ya sa tsinken aikinsa ya taɓa gefen faifan, sai ga wani abu kamar ɓawon albasa ya ɗago. Ya ce, "Yaya, kin ga inda gizo ke saƙa." Ashe masu jabu, in suna son araha, ba su ƙera injin da ya dace da agogon. Sukan sayo inji mai sauƙin kuɗi wanda aka yi don wani agogo dabam, wanda lambobinsa ba su faɗo daidai inda tagar Rolex take ba, kuma siffar rubutunsa ba iri ɗaya ba ce. Sai su buga lambobi a wani siririn zobe na dabam, su liƙa shi da gam a bisa faifan injin. Mai liƙawar kuwa mutum ne, yana liƙa ɗaruruwa a yini. In hannunsa ya goce da kaurin gashi ɗaya, sai rabin wata ya karkata hagu, rabi ya karkata dama, daidai yadda na gani da dare. Wani lokaci kuma kaurin abin da aka liƙa yakan sa faifan ya riƙa gogar fuskar agogo, har wata rana ya cije.

Ita tawadar ma da nata sha'ani. Ba da alƙalami ake rubuta lambobin ba. Ana sassaƙa su ne a bisa wani farantin ƙarfe, a shafe shi da tawada, a kankare, sai wadda ta shiga cikin sassaƙar kaɗai ta rage. Sa'an nan a danna wata roba mai laushi, mai siffar malmalar tuwo, ta ɗauko tawadar, a danna ta a kan faifan. In sassaƙar ta yi zurfi, ko tawada ta yi ruwa, ko an danna da ƙarfi, sai lamba ta kumbura, ramukan 8 da 6 da 9 su toshe. In ta yi kaɗan sai lamba ta fito a koɗe, baƙinta ya yi toka-toka. Duk wadda ta taɓa yin zanen lalle ta san wannan, kwaɓi ɗaya ne, hannu ɗaya, amma zanen safe dabam da na yamma. Kamfanin asali yana da mutanen da aikinsu ke nan su duba su zubar da wanda bai yi ba. Mai jabu kuwa zubarwa hasara ce gare shi, sai ya tura kasuwa.

Ga kuma siffar lambobin kansu. Ba irin waɗanda ke cikin kwamfuta ba ne, da kowa zai danna ya samu. Kamfanin ne ya zana abinsa, mai kwaikwayo sai dai ya ɗauki hoton na asali ya bi sawu, kuma mai bin sawu kullum yana baya. Siffar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A tsofaffin agogunan, 6 da 9 bakinsu a buɗe yake, ƙugiyar ba ta haɗe ba, a na yanzu kuwa a rufe. Waɗansu na shekarun 1950 lambobinsu ja da baƙi ne, yau ja gobe baƙi. Saboda haka sau da yawa mai jabu yakan sa rubutun wani zamani a jikin agogon wani zamani, kamar a ce an kawo miki zanen da aka ce na kakarki ne, ki duba bakinsa ki ga lambar waya. Akwai kuma wani babbansu da aka fito da shi a 1956, mai suna Day-Date, wanda ke rubuta ranar mako cikakkiya a sama, ana yinsa cikin harsuna 26, har da Larabci. Malam ya yi dariya ya ce an taɓa kawo masa jabun wannan, an rubuta Jumma'a an manta ɗigon jim. Wanda ya buga bai san harafin ba, zane kawai ya gani ya kwaikwaya.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙullutun gilashin nan. An yi shi ne don taimakon mai raunin ido, sai ya zama ɗan sandan da ba a biya. In mai jabu ya sa gilashi mai ƙarfi irin na asali, kowane kuskure na tawada da na liƙi sai ya ninku sau biyu da rabi, ya fito fili. In ya sa mai rauni don ya ɓoye aibin, sai lamba ta kasa cika taga, wanda ya sani ya gane daga nesa. Gaba kura, baya sayaki. Waɗansu sukan yi dabara su buga lambobin da girma, su ɗora gilashi mai rauni, amma in kin karkata agogon kin leƙa ta gefen ƙullutun, sai ki ga lamba ta yi wa tagar yawa.

Kada in bar ku da zaton kowane jabu haka yake da sauƙin kamawa. Malam ya gargaɗe ni a kan wannan. Ya ce ana yin miliyoyin agogunan jabu kowace shekara, mafi yawa daga ƙasar Sin, kuma hawa-hawa ne. Namu na tsakiya ne. Akwai na sama, waɗanda ake ƙera musu inji sukutum kwafin na asali, faifansu ba liƙi, gilashinsu da ƙarfi, har shi kansa sai ya buɗe ya daɗe yana dubawa kafin ya yi magana. Kuma na asalin ma, in ya sha duniya ko ya sha hannun masu gyara, lambarsa takan ɗan goce. Saboda haka tagar kwanan wata tana iya gaya miki agogo jabu ne, amma ita kaɗai ba ta isa shaidar cewa gangariya ne ba.

Ya mayar da kome wurinsa, ya rage wa sarƙar tsawo don kada maganata ta zama ƙarya tsantsa, na dawo gida da abin da ya fi ƙarfina. Ku taya ni dubawa. In yaron nan an cuce shi ne, ya ci bashi ya biya kuɗin gangariya, to zai shiga aure da rami a gabansa, kuma ya kamata wani ya gaya masa tun mai sayarwar bai ɓace ba. In kuwa ya sani, ya aiko dangi su rantse mana, to wanda ya fara da wannan me zai ƙare da shi? Ƙanena mutum ne mai zafin zuciya, in na gaya masa, kafin la'asar akwatunan nan sun koma inda suka fito. In na yi shiru, wata rana yarinya za ta ɗaura shi ta shiga biki, wata mai ido irin nawa ta gani, a yi ta zunɗenta ba ta sani ba. Kwana biyu ina juya wannan.

A rana ta uku na kira ita yarinyar ɗakina, na rufe ƙofa. Na fara kewaye-kewaye, ina cewa kayan duniya ba su ne aure ba, kama da wane ba wane ba ne. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta, can sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na zaci kuka take yi, ashe dariya ce take dannewa.

Ta ce, "Gwaggo, in agogon ne, ai na sani. Tare muka zaɓe shi a waya."

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Shi da farko wani ƙarami ya so ya saya, na asali, daidai ƙarfinsa. Ni na ce a'a. Gwaggonsa kuwa ba wanda ya gaya mata kome, ita ta ga akwati ta ƙara nata gishirin." Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "Gwaggo, ni a waya nake duba lokaci. Ba don ni aka saya ba, don ku masu kallon lefe ne. Ba ke ce bara, da muka dawo daga kallon na gidan su ƙawata, kika ce kaya sun yi kyau amma agogon ba mai suna ba ne?"

'Yan'uwa, na faɗi haka. Na manta sarai, sai da ta tuna mini, har inda nake zaune a cikin mota lokacin da na faɗa. Ni 'yar mai gyaran agogo, wadda ta san Seiko 5 na alhazai yakan yi shekara ashirin yana aiki ba a buɗe shi ba, ni ce na kushe agogon kirki don ba shi da kambi, yarinya tana bayana tana ji. Na rasa abin da zan ce mata, sai na ce ta tashi ta kawo mini ruwa.

Har yanzu ban yarda da abin da suka yi ba, kuma na gaya mata haka daga baya. Kuɗin da suka ba mai jabu ya isa ya saya mata agogon gaskiya mai kyau, wanda za ta ɗaura ba tare da tana jan hannun riga tana rufe shi ba in ta ga manya. An kuma sa baiwar Allah gwaggon ango ta yi rantsuwa a kan abin da ba ta sani ba. Amma ƙanena ban gaya masa ba, uwar yarinya ma ban gaya mata ba. Ita da na nemi izininta kafin in rubuta wannan, cewa ta yi in rubuta, ai babansu ba ya karanta filin mata.

An ɗaura aure bayan wata ɗaya, ta tare lafiya. Na je ganin ɗakinta a farkon watan Oktoba. Satumba kwana 30 ne, kuma irin waɗannan agoguna, na asali da na jabu duka, ba su san wata mai 30 ba, sai mai shi ya tura kwanan da hannunsa, sau biyar a shekara. Na ce bari in koya mata yadda ake yi. Ta buɗe kabad ɗin gilashi inda ta jera tangaran, ta ɗauko ɗan koren akwatin. Agogon ya cije tun ran da ta sa shi zuwa wani suna, rabin 30 a sama, rabin 31 a ƙasa. Na murza, ya ƙi motsi. Ta karɓa ta goge shi da gefen zanenta, ta mayar da shi tsakanin kofuna inda baƙi za su gani, ta duba wayarta ta ce, "Gwaggo, azahar ta yi, bari in kawo miki buta."